A Nemi Na Asali Kafin a Yanke wa Fim Hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan fina-finan ban tsoro da na sarƙaƙiyar bincike, musamman waɗanda aka yi a wata ƙasa da wani harshe, daga baya Amurka ko Indiya ta sake ɗaukarsu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ke faruwa kullum a shagunan tura fina-finai a waya na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Matashi zai shigo ya ce a tura masa The Ring, ko Badla, ko Bhool Bhulaiyaa, ya kalla ya yaba, bai san kowane ɗaya a cikin ukun nan yana da uwa ba: ta farko a Japan, ta biyu a Sifaniya, ta uku a jihar Kerala ta kudancin Indiya. Wani sa'in ɗan yakan gaji uwar har ya ɗara ta ta wani fanni. Wani sa'in kuma fatar labarin kawai aka ɗebo, naman yana can an bar shi. Wurin da ya fi saurin tona asiri shi ne minti goma na ƙarshe, saboda haka muna neman afuwar masu karatu, dole sai mun faɗi yadda wasu daga cikin fina-finan suka ƙare.

Bari mu fara da wanda ya fi kowanne fito da matsalar fili. A 1988 wani darakta ɗan ƙasar Holan mai suna George Sluizer ya yi fim mai suna Spoorloos, wanda aka fi sani da The Vanishing. Saurayi da budurwa, Rex da Saskia, sun tafi hutu Faransa a mota. Suka tsaya a gidan mai na kan babbar hanya, ta shiga shago sayo abin sha, ba ta sake fitowa ba. Da rana tsaka, ga mutane maƙil. Shekara uku Rex yana manna hotonta a bango. Fim ɗin ba ya ɓoye wanda ya sace ta, tun da wuri yake nuna shi: malamin kimiyyar haɗa sinadarai ne, mai mata da 'ya'ya mata biyu, mai fara'a. Ana nuna shi yana gwada maganin sa barci a kan kansa, yana duba agogo ya rubuta tsawon lokacin da ya yi a sume, yana auna bugun jininsa, yana maimaita yadda zai buɗe ƙofar mota ya zagayo ta ɗaya gefen, kamar ɗalibi mai haddar karatu. Babu jini, babu ihu, babu kiɗan razanarwa. A ƙarshe shi da kansa ya zo wurin Rex ya ce masa hanya ɗaya ce ta sanin abin da ya sami yarinyar: ya sha kofin da aka zuba wa maganin barci, duk abin da ya same ta shi ma zai same shi. Rashin sani ya fi dare duhu, Rex ya ɗaga kofin ya shanye. Ya farka a cikin akwati a ƙarƙashin ƙasa, da abin kunna sigari a hannunsa. A nan labarinsa ya ƙare.

A 1993 aka kira Sluizer ɗin nan Amurka ya sake fim ɗinsa da hannunsa, da Jeff Bridges da Kiefer Sutherland da Sandra Bullock. Kuɗi sun fi yawa, jarumai sun fi suna. Amma sai aka sa sabuwar budurwar jarumin ta bi sawu ta tono shi daga ramin, aka yi dambe, aka kashe mugun da shebur. Labarin da gaba ɗayansa gargaɗi ne a kan yadda son sani ke iya kai mutum kabari da ƙafarsa ya koma labarin ceto irin wanda aka gani sau ɗari. Darakta ɗaya ne, labari ɗaya ne. Abin da ya canza kawai shi ne tsoron masu zuba kuɗi kada ɗan kallo ya fita sinima ransa a ɓace.

Shekara talatin bayan haka an sake yin irin wannan. Speak No Evil na ƙasar Denmak, wanda Christian Tafdrup ya yi a 2022, a ganinmu babu fim ɗin Turai da ya kai shi dacewa da Bahaushe, domin tsoronsa daga kunya da kawaici ya fito. Wasu ma'aurata 'yan Denmak da 'yarsu sun haɗu da wasu 'yan Holan a wurin hutu a Italiya, aka gayyace su ziyarar 'yan kwanaki, suka ji nauyin ƙin amsawa. Tun daga isarsu mai gida ya fara taka su a hankali. Matar ba ta cin nama, ya miƙo mata naman aladen daji a gaban kowa, ta karɓa don kada ta ba shi kunya. Aka fita cin abinci, ya bar wa baƙon biyan kuɗi. Ya tuƙa su a buge da kiɗa kamar zai fasa kunne. Matarsa ta riƙa tsawata wa 'yar baƙin kamar ita ta haife ta. Kowane mataki ƙarami ne, bai kai a tada jijiyar wuya a kansa ba, kuma da haka ne tarkon yake rufewa. Sun taɓa sulalewa cikin dare har sun kama hanya, sai yarinya ta tuna ta manta 'yartsanarta, uban ya juya mota. A ƙarshe, lokacin da komai ya riga ya lalace, uban ya tambayi mai gidan dalilin da ya sa yake musu haka, amsar da ya samu ita ce su ne suka ba shi dama. Hausawa sun riga sun faɗa, kunyar mara kunya asara ce. Na Amurka na 2024, wanda James Watkins ya ba da umarni, James McAvoy ya fito a mai gida, kashi biyu bisa uku na farkonsa yana da kyau ƙwarai, kuma McAvoy ya yi wasa mai tsayawa a rai. Daga nan sai aka koma kulle ƙofofi da harbe-harbe, iyalin suka tsira. Wanda ya kalli wannan zai tashi yana cewa an yi maganin mugu. Wanda ya kalli na Denmak zai kwana yana tuna sau nawa ya yi shiru a inda ya kamata ya buɗe baki.

Haka aka yi wa The Guilty. Na Denmak na 2018, aikin Gustav Möller, minti 85 ne, kuma kyamara ba ta taɓa fita daga ofishin amsa kiran gaggawa ba. Ɗan sanda ne da waya a kunne, wata mata ta kira tana magana a sakaye daga cikin mota, shi da mai kallo duka suka yanke cewa tsohon mijinta ne ya sace ta. Duk abin da ke faruwa a waje da kunne ake ganinsa: ƙarar abin share gilashin mota, numfashi, muryar ƙaramar yarinya a gida. Daga baya ta bayyana matar ce ke da taɓin hankali, jaririnta ya mutu a hannunta, mijin asibiti yake ƙoƙarin kai ta. A na Netflix na 2021, na Antoine Fuqua da Jake Gyllenhaal, an kafa manyan allo a ofishin suna nuna gobarar daji ta Los Angeles, ido ya samu abin kallo, kunne ya rage aiki. Sannan aka ce jaririn bai mutu ba. Da wannan jimla guda aka sauke rabin nauyin labarin.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk fim ɗin da aka sake ɓata shi aka yi. The Departed na Martin Scorsese na 2006 ya ci kyautar Oscar huɗu, har da ta gwarzon fim da gwarzon darakta, kuma ya cancanta. Daga Infernal Affairs na Hong Kong na 2002 aka ɗauko shi, inda 'yan sanda suka dasa nasu a cikin 'yan daba, 'yan daba suka dasa nasu a cikin 'yan sanda, kowanne yana farautar ɗan uwansa. Scorsese bai kwafi hoto ba, ya kwashe labarin ya dasa shi a birnin Boston da unguwanninsa da irin bakin mutanensa, ya miƙar da shi daga minti 101 zuwa 151. Duk da haka a dubi ƙarshe. A na Hong Kong maci amanar ya rayu, yana sanye da kakin 'yan sanda, ya san ko shi wane ne, kuma babu wanda zai faɗa wa. Sunan fim ɗin da harshensu yana nuni ne ga wani mataki na azaba marar yankewa a aƙidar mabiya Buddha, wato rayuwar ita ce hukuncin. A na Amurka an harbe shi a minti na ƙarshe don zuciyar ɗan kallo ta yi sanyi.

The Ring na 2002 shi ma yana cikin waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Gore Verbinski ya ɗauko shi daga Ringu na Hideo Nakata na 1998, wanda shi kuma daga littafin Koji Suzuki na 1991 aka gina shi. Kaset ɗin bidiyo ne, duk wanda ya kalla waya za ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Na Amurka, da Naomi Watts, ya ƙaro abubuwan da suka yi aiki: ruwan saman da ba ya ɗaukewa, hoton da aka rina da kore-kore mai sanyi, dokin da ya haukace ya faɗa teku daga jirgin fito. Mafi muhimmanci, bai taɓa ƙashin bayan labarin ba. Hanyar tsira ita ce ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla, wato ka ceci ɗanka da ran ɗan wani. Amma a fitowar da kowa ke tunawa, inda fatalwar ke rarrafowa daga rijiya ta fito ta cikin talabijin, na Japan ya fi shiga jiki, kuma dalilin na sana'a ne. An sa 'yar wasan ta yi tafiya da baya tana karkarwa, aka ɗauka, sannan aka juya hoton ya tafi gaba. Shi ya sa gaɓoɓinta ke motsi ta yadda ido ya san jikin mutum ne, amma ba haka mutum ke tafiya ba. Fuskarta kuma gashi ya rufe ta ruf, ido ɗaya tak aka nuna. Na Amurka ya yi amfani da kwamfuta, ya nuna fuskar gaba ɗaya, kuma abin da ido ya gama gani tsoronsa yakan ragu.

Let Me In na 2010 ya riƙe amanar Let the Right One In na Suwidin na 2008. Insomnia na Christopher Nolan na 2002, da Al Pacino da Robin Williams, ya ɗauko na Norway na 1997 ya kai shi Alaska, inda can ma rana ba ta faɗuwa a lokacin zafi, don haka rashin barcin ɗan sandan bai rasa dalili ba. Oldboy kuwa ya faɗi warwas. Na Park Chan-wook na Koriya ta Kudu na 2003 ya samu ɗaya daga manyan kyaututtukan bikin fina-finai na Cannes na 2004, kuma faɗan da aka yi a wani siririn lungu, mutum ɗaya da guduma a gaban taron 'yan daba, an ɗauke shi ne a jere ba yanka, ana ganin jarumin yana haki yana faɗuwa yana tashi. Spike Lee ya sake shi a 2013, ya mai da ɗaurin shekara 15 ya zama 20, ya faɗaɗa faɗan, sai gajiyar da ta sa na farko ya zama gaskiya ta ɓace. Muna gargaɗi, wannan labari kowanne zubinsa yana ɗauke da abin da bai dace a kalla da iyali ba sam.

Yanzu mu zo inda 'yan uwanmu suka fi sabawa, wato Indiya. Badla na 2019, na Amitabh Bachchan da Taapsee Pannu, daga Contratiempo na Oriol Paulo na Sifaniya na 2016 aka ɗauko shi. Daraktan Badla, Sujoy Ghosh, ya yi dabara ɗaya mai kyau: wanda ake tuhuma namiji ne a na asali, ya mai da shi mace, lauya mace ya mai da ita namiji, ya kai labarin Glasgow. Wanda ya riga ya ga ɗaya ya san inda ɗayan zai karya kwana, saboda haka a zaɓi guda a fara da shi da saninsa. Bhool Bhulaiyaa na 2007 da Chandramukhi na Rajinikanth na 2005 duka 'ya'yan Manichitrathazhu ne na 1993, na harshen Malayalam da ake yi a jihar Kerala, wanda Shobana ta ci kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma da shi. Na asalin ya fi ɗaukar ciwon matar da muhimmanci, na baya sun ƙara barkwanci da tallan jarumi.

Drishyam shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Jeethu Joseph ya yi shi da harshen Malayalam a 2013, Mohanlal ne jarumi. A 2014 aka sake shi da Kannada da Telugu, a 2015 da Tamil inda Kamal Haasan ya fito, a shekarar kuma da Hindi inda Ajay Devgn da Tabu suka kara. Sri Lanka ta yi nata a 2017, Sin ta yi nata a 2019. Me ya sa labari ɗaya ya ratsa harsuna haka bai karye ba? Saboda abin da ke riƙe da shi yana nan a kowace ƙasa: talaka marar zurfin boko, mai sana'ar jona wa mutane tashoshin talabijin, 'yarsa ta kashe ɗan babbar jami'ar 'yan sanda a garin kare mutuncinta, kuma ya san idan aka shiga ofishin 'yan sanda ba za a saurare shi ba. Dabararsa ma abar nazari ce, mataki-mataki. Ya cire layin wayar yaron ya sa a wata waya ya jefa a babbar motar da za ta yi nisa, don masu bin sawu su bi iska. Ya nutsar da motar yaron a tafkin da aka fasa dutse. Ya ɗauki iyalinsa suka yi tafiya ta gaske, suka tara tikitin bas da na sinima, suka ci abinci a inda za a tuna da su. Sannan ya riƙa komawa wurin mutanen nan yana jefa kwanan wata a cikin hira, 2 da 3 ga Oktoba a na Hindi, har ranar da ya faɗa ta zauna a kansu a madadin ranar gaskiya. Shaidun ba ƙarya suke yi ba, abin da suka tuna suke faɗa. Da aka tona ramin bayan gida sai mushen dabba, gawar tana ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan da ake ginawa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ga fim ya sa mai kallo yana addu'a kada a kai ƙarshen ramin, kuma wannan rashin natsuwar ita ce ƙarfinsa. Na Sin, wanda aka kafa labarinsa a Tailan, ya sa uban ya miƙa kansa ya amsa laifi a ƙarshe. Ka ga ko a nan minti goman ƙarshe ne ya faɗi ƙasar da aka yi fim ɗin.

Akwai wasu da ba a cika tambayarsu a shago ba, alhali sun fi da yawa daga masu suna. Shutter na Tailan na 2004 mai ɗaukar hoto ne da wuyansa ke ciwo kullum, ya hau sikeli a asibiti ya nuna kilo 120, shi kuwa siriri. Sai a ƙarshe hoto ya nuna yarinyar da ya zalunta zaune a kan kafaɗunsa tun farko. Alhaki kwikwiyo ne, ba mu san fim ɗin da ya zana karin maganar nan kamar wannan ba. Na Amurka na 2008 bai kama ƙafarsa ba. Dark Water na Nakata na 2002 kuwa duk wanda ke zaune a gidan haya a Legas zai ji shi a jikinsa: bazawara da 'yarta a tsohon bene, ana shari'ar riƙon yarinya, tabon danshi a silin yana faɗaɗa kullum, mai kula da gida ya ƙi zuwa, gashi ya fito a ruwan famfo, ga tankin ruwa a saman bene wanda aka daɗe ba a buɗe ba. Under the Shadow na Babak Anvari na 2016 da harshen Farisa yake, a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Makami mai linzami ya huda rufin bene bai fashe ba, maƙwabta suna ta gudu, ana raɗe-raɗin aljanu sun zo da iska, kuma idan suka ɗauke wani abu naka ba za su rabu da kai ba. Pengabdi Setan na Joko Anwar na Indunusiya na 2017 shi kansa sabon zubi ne na wani tsohon fim na ƙasar na farkon shekarun 1980, kuma ya fi na asalin. Uwa ce ta daɗe a kwance tana kaɗa ƙararrawa idan tana son a zo, aka yi mata sutura aka binne, ƙararrawa ba ta daina kaɗawa ba.

Malam Edita, da yawa daga masu cewa irin waɗannan fina-finai ba su da daɗi, yadda suka kalle su ne ya cuce su. Fim ɗin tsoro rabinsa duhu ne, kuma duhu ne ke fara lalacewa idan aka matse fim. Fim mai minti 90 da aka matse ya koma MB 200, kowace daƙiƙa ba ta samun fiye da kimanin kilobit 300, sai inuwa ta zama dabbare-dabbaren baƙi, abin da darakta ya ɓoye a lungun ɗaki don ido ya tsinto shi a hankali ya narke gaba ɗaya. A nemi mai 720p wanda ya kai MB 800 zuwa GB 1, ko a sauke daga manhajar da ke da izinin fim ɗin a zaɓi inganci na sama. Ɗayan rabin sauti ne. Lasifikar waya ba ta iya fitar da gurnanin ƙasa-ƙasa da ake sa wa don ƙirji ya yi nauyi, ga janaretan maƙwabta yana ruri. A sa iyafis a kunne biyu, a kashe fitila. The Guilty ba tare da iyafis ba asarar lokaci ne. Mai kallo a talabijin ya shiga saiti ya kashe abin da ke sulɓe motsin hoto, ya zaɓi yanayin sinima, domin fim hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, idan talabijin ta cusa nata a tsakani sai ya koma kamar wasan kwaikwayon gidan talabijin.

Fassarar ƙasan allo ita ce ke korar mutane da yawa daga na asali, alhali gyaranta ba wuya. Fayil ɗinta mai ƙarewa da srt a ba shi suna ɗaya da na fim ɗin a ajiye su wuri ɗaya, zai hau da kansa. Idan rubutu yana riga magana ko yana makara da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe, a manhajar kallon bidiyo ta VLC ta kwamfuta maɓallan G da H suna ja da shi baya ko gaba kaɗan-kaɗan, a waya kuma akwai wurin daidaitawa a cikin saitin fassara. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, matsalar daban ce: an yi rubutun ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma mai 23.976 ne. Bambancin yana kai kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, kafin rabin awa ya wuce minti guda. Wannan matsawa ba ta gyara shi, sai an nemo wani rubutun da ya dace da kwafin.

Ga masu fassara fina-finai da murya zuwa Hausa, waɗanda aikinsu ya kai labaran duniya ɗakunan da ba a jin Turanci ko Indiyanci, muna da roƙo biyu. Na farko, inda darakta ya yi shiru ku ma ku yi shiru. Barkwancin da ke ƙara wa fim ɗin faɗa armashi, a fim ɗin tsoro kashe shi yake yi, domin shirun nan shi ne igiyar da ake ɗaure ɗan kallo da ita. Na biyu, kada a danne sautin asali gaba ɗaya. A kwafi mai sauti shida, wanda ake rubuta wa 5.1, yawancin magana a layin tsakiya take. Idan shi aka rage aka ɗora muryar Hausa a gurbinsa, takun ƙafa da ƙarar ƙofa da ɗigar ruwa za su tsira a sauran layukan.

Masu shirya fina-finanmu na Hausa kuma, an daɗe ana yi musu gorin wankiya. Aron labari ba abin kunya ba ne idan an nemi izinin mai shi an rubuta sunansa a allo, Scorsese ma haka ya yi. Inda ake kuskure shi ne a kwaso sutura da rawa da yanayin gida na wata ƙasa, a manta da tambayar me mutanen can ke tsoro, kuma mene ne makwafinsa a nan. Labari irin na The Guilty ɗaki ɗaya yake buƙata, da jarumi ɗaya mai iya wasa da fuska, da muryoyi biyar ko shida, da mai haɗa sauti ƙwararre, ga Legas tana da lambobin gaggawa 112 da 767 da za a gina irinsa a kai. Kuɗin da za a kashe a hayar motoci da gidajen alfarma a zuba shi a makirfo mai kyau da kwanakin gwaji. Waƙa kuma kada ta faɗo a tsakiyar tashin hankali, duk abin da aka tara a minti arba'in a nan yake zubewa. Misalin cewa za a iya yana nan a gida. October 1 na Kunle Afolayan na 2014 labarin Sufeto Danladi Waziri ne, ɗan sanda daga Arewa da aka tura wani gari a ƙasar Yarbawa a watan Satumba na 1960 ya gano mai kashe mata kafin ranar samun 'yancin kai. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya rasu a nan Legas a 2021, shi ya hau matsayin, kuma ya ci kyautar gwarzon jarumi ta Afirka da shi. Babu abin da aka aro a fim ɗin nan sai ƙa'idar gina bincike, sauran duka na ƙasar nan ne.

Abu na ƙarshe ya shafi masu shago da iyaye. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana sa alamar shekaru, akwai 15 akwai 18, amma fim ɗin da aka tura a memori ba ya zuwa da kwali balle a ga alama. Kusan duk waɗanda muka lissafa a nan na manya ne, Speak No Evil da Oldboy kuwa ko babba sai ya shirya. Mai shago ya fi kowa sanin abin da ke cikin kwamfutarsa. Idan yaro ɗan shekara goma sha biyu ya miƙo waya ya ce a cika masa da na tsoro, a tambaye shi wayar wa ce, kuma da wa zai kalla.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu bibiyar fina-finai,
Agege, Legas.